Wani Ya Riga Ni Karɓar Maganina

Zuwa ga autata,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar mamanki? Ya maigidanki da yara?

An daɗe ana ce mini akwai ɓarayin da sunan mutum kawai suke sata. Nakan yi dariya, in ce wa zai saci sunan tsohon maigadi?

To, wata uku ke nan ledar takarduna ta faɗi a motar haya, har da fasfo da katin asibiti. Maimakon in kai rahoto, sai na tsaya cigiya wurin direbobi. Jiya na je karɓar maganin hawan jini, ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Baba, ai ka karɓa ranar Litinin." Na ce, "To, ya kika ga jikin nawa?" Ba ta yi dariya ba.

Yanzu na kai rahoto wurin 'yan sanda, sun ce in kawo shaidar cewa ni ne ni. Ƙwaya huɗu ta rage. Lafiyata ƙalau, kada mamanki ta ji.

Allah ya yi miki albarka, turo mini hotunan takardun nan da kika ɗauka ina miki faɗa. Ke ce ta ƙarshe da ta gargaɗe ni, ranar da kike ɗaure mini jaka.

Babanki