Baba Ummaru Bai Sauka Gida Ba

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin da ke ba ƙananan jirage izinin shigowa ƙasar nan.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya.

Ni 'yar Gwadangaji ce, ina tuƙa ƙaramin jirgin ɗaukar marasa lafiya a wata ƙasa maƙwabciyarmu. A daminar bana aka kawo mini Baba Ummaru, ɗan kasuwar albasa daga Augie, wanda ɓarin jikinsa ya shanye a can. Likita ya ce babu sauran abin yi, shi kuma ya roƙa a kai shi gida.

1. Kwana uku kafin tafiya na aiko da takardun neman izinin sauka a Birnin Kebbi. Ofishinku ya ba ni lambar izini ta waya.

2. Cikin gajimare muka ƙetare iyaka, ban ga sama ba, ban ga ƙasa ba. A irin wannan hali matuƙi ba shi da abin dogaro, bayan Allah, sai na'urorin gabansa da muryar mai ba jirage umarni ta rediyo. Na karanta masa lambar, ya ce ba ta iso gare shi ba. Ban ga laifinsa ba. Ya bar ni ina kewayawa, yana ta kiran ofishinku, ba a ɗauka ba.

3. Da man jirgi ya rage na komawa kawai, dole na juya.

Wajen juyawar gajimare ya buɗe, fadamar Argungu ta bayyana, kore shar. Matar Baba Ummaru, Inna Hajo, ta tallafo kansa zuwa taga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗiyata, ashe mun kawo. Ga shinkafarmu can." Na ƙarasa juya jirgin. Inna Hajo ta fahimci komawa muke yi, ta ci gaba da shafa kansa.

Bayan kwana huɗu ya rasu, a can ƙasar da muka koma aka binne shi.

Ranka ya daɗe, ba hukunta kowa nake nema ba. Roƙona a riƙa isar da izini ga mai umarni a rubuce kafin jirgi ya tashi, kuma a ajiye wanda zai ɗauki waya muddin akwai jirgi a sama.

Inna Hajo ta dawo Augie a mota. Da na je gaisuwa, ita ce ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Hadiza, matuƙiyar jirgi,
Gwadangaji