Binciken da Gwadabe Ya Yi wa Jami'a

Shahuci, Birnin Kano
Ranar Laraba

Zuwa ga uwargida kuma amarya, Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego Ma'u da ɗan baƙon namu. Yaya Zariya, yaya ƙafar taki? Ki gaishe min da surukanmu. Mu nan lafiya lau, sai dai tuwon 'yarki Ikram har yanzu bai kamo naki ba, amma kada ki faɗa mata.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Lawal direba. Na san halinki, in na aiko saƙon murya sai ki ƙure sauti, gidan surukai kaf su ji sirrina har da awaki. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a aji biyu na sakandare muka rabu da boko, na tafi ban waiwaya ba, shi ma bai aiko biko ba.

Ga magana. Ranar Asabar mai unguwa ya tara mu iyaye a ƙofar gidansa. Wani matashi ɗan Madabo, Malam Hashim, ya miƙe da 'yar jakarsa ya ce wata jami'a ta karatu daga gida ta ware gurabe domin 'ya'yan cikin ganuwa waɗanda iyayensu ba su yi zurfi a boko ba. Yana faɗar haka aka juyo ana kallona, kamar don ni kaɗai aka yi tsarin. Karatun a waya ake yi, Asabar kawai ake zuwa cibiyarsu ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Ashe Ikram ta yi jarrabawarsu tun kafin ki tafi, kuma da saninki, ba na son musu. Sunanta ya fito, kimiyyar kwamfuta. Saura in je in sa hannu kafin wata ya ƙare.

Turai, ruwa ba ya tsami banza. Sau biyu yarinyar nan tana cin jarrabawar shiga jami'a tana zaune a gida, don ba mu da kowa a sama sai Allah. Yau kuma a ce jami'a ce da ƙafarta ta shigo lungunmu, ta tsallake kwata, tana cigiyar 'yar mai wankin hula? Ba wanda ya tambaye ni wa na sani. Na tambayi yaron mece ce ribarsu, ya ce ci gaban al'umma. Duk wanda ya taɓa ce min ci gaban al'umma, kafin shekara ta zagayo sai na gan shi a sabuwar mota. Sannan makarantar da malamanta ke cikin waya, in sun cuce ka, ƙofar gidan wa za ka je ka yi sallama?

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Bincike zan yi. Ikram ta ce in bari ta nuna min komai a waya, na ce wayar ai ita ake tuhuma.

Ki shafa min kan angon naki. Wassalam.
Naki,
Gwadabe

Shahuci
Ranar Litinin

Turai,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jego na tafiya daidai, kuma mai jego na shan kunun kanwarta ba gardama. Saƙonki ya iso ta bakin Lawal, wai in sa hannu in daina shisshigi. Na ji, amma ai an riga an fara.

Jiya na ɗauki aminina Ɗantani, don kin san duk auren da aka yi a lungunmu shi ake turawa bincike. Muka zuba manyan riguna. Na ɗora wata zanna bukar ta wani alhaji da ya kawo wanki ya manta da ita, Allah ya sa kada mu haɗu. Mun fara da cibiyar. Gini ne na gaske, na ƙwanƙwasa bangon. Akwai kwamfutoci a jere, akwai sola, har da wata dattijuwa mai tabarau da aka ce ita ce shugaba, Hajiya Dokta. Amma gini ba ya rantsuwa. Ɗantani ya ce tunda makaranta ba ta da uba balle kaka, sai a binciki wanda ya kawo ta. Na ga maganarsa a kan hanya take.

Muka wuce Madabo. Limamin masallacinsu ya ce Hashim ba ya rasa asuba. Mai kanti ya ce bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wani tsoho mai sayar da asuwaki ya zayyano mana kakanninsa, duk malamai. Shi kuwa Ɗantani da bakinsa ya saba, sai ya zarce: ko akwai taɓin hankali a dangin, ko yaron yana da ɗaki nasa, ko yana shaye-shaye, yaya yake da mahaifiyarsa. Na taka masa ƙafa, ya ce bincike ba a yi masa rabi. Da aka tambaye mu dalili, na ce a kan 'yata ne, Ikram, ba na so in miƙa ta inda ban sani ba.

Ba mu samu aibu ko ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi damuna. Mutum ɗan Adam a ce unguwa guda ba mai ƙorafi a kansa? Ko ni da nake wanke wa mutane kai, akwai masu cewa ina cika sitati. Sannan mutanen Madabo sun cika fara'a. Liman ya riƙe hannuna ya daɗe yana Allah ya sanya alheri, Allah ya nuna mana lokacin. Na ce amin, ina mamakin yadda malamin zaure yake murna da kimiyyar kwamfuta haka.

Zan ƙara kwana biyu ina nazari. Ki gaida kowa.
Mijinki,
Gwadabe

Shahuci
Ranar Juma'a

Turai,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wannan ki karanta ke kaɗai, ki shiga ɗaki.

Na ɓaro aiki. Shekaranjiya na dawo daga rumfa na tarar da takalman mata a ƙofar ɗakinki. Gwaggon Hashim ce da wasu mata biyu, sun zo ganin yarinya, har da goro da alawa. Ashe duk Madabo an ɗauka binciken aure muka je. Ke ma ki duba: dattawa biyu, manyan riguna, ana tambayar taɓin hankali a dangi. Ni kaina da a gefe nake da abin da zan ɗauka ke nan.

Da a nan ta tsaya da dariya za mu yi. To Hashim an riga an sa masa rana da wata yarinya a unguwarsu. Mahaifinta ya ji, ya ce a zo a kwashe kayan sa rana. Wani kuma, ban san ko wane ne ba, ya kai wa Hajiya Dokta ƙara cewa yaron 'yammatan da yake so yake zaɓa wa gurabe. An dakatar da shi daga aiki. An kuma ɗage sunan Ikram har sai kwamiti ya zauna, ga wata ya kusa ƙarewa, in ya ƙare gurbin na wani ne.

Na ce wa Ɗantani ai ga shi nan, dama neman hanya suke su ba ɗan wani babba gurbin. Har yanzu ban cire wannan a raina ba. Amma Ikram ta kashe min baki. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ajiye min abinci ta durƙusa ta ce, Baba, shekara biyu ana hana ni don ba ka san kowa ba, yanzu kuma za a hana ni don kowa ya san ka. Ta tashi ta shige ɗaki. Na nemi abin barkwanci in jefa mata, Turai, aljihun ba komai.

Gobe zan sake bin sawuna. Ki sa mu a addu'a, ki kuma ajiye faɗan sai kin dawo, ba zai lalace ba.
Gwadabe

Shahuci
Ranar Lahadi

Zuwa ga Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Ma'u da yaro kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji an kusa arba'in, alhamdu lillahi.

Na koma Madabo ni kaɗai, na bar Ɗantani a gida don lafiyar kowa. Na bi liman, na bi mai kanti, na bi mai asuwaki, ina warware abin da na saƙa. A zauren surukin Hashim na fi shan wuya. Ya bar ni a tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya tambaye ni, in makaranta nake bincike, me ya kawo maganar ɗaki? Na ce Alhaji, jahilci ne ya sa babbar riga. Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, dariya ta ci ƙarfinsa. An mayar da rana. Hashim ya gaishe ni da ladabi, amma daga nesa, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya kwamiti ya zauna. Mutum uku a bayan tebur, ni da Ikram a gaba. Na yi bayani tiryan-tiryan, ɗaya daga cikinsu yana toshe baki da hankici. Hajiya Dokta ba ta yi dariya ba. Ta ce ta yarda da ni, Hashim zai koma aiki, amma maganar ta riga ta zaga gari, in suka mayar da Ikram haka kawai za a ce rufa-rufa ce, kuma iyaye za su janye 'ya'yansu mata. Na buɗe baki zan fara roƙo sai na ji muryar 'yarki. Ta ce tunda ana zaton ba da ƙoƙarinta ta samu ba, a sake yi mata jarrabawa yanzu, sababbin tambayoyi, a gaban duk wanda yake so ya gani. Wallahi ban san da wannan shirin ba.

Aka zaunar da ita gaban kwamfuta, aka bar ƙofa a buɗe, aka fitar da ni waje. Na zauna a bencin mai gadi. Duk wanda ya shiga da takalmi mai tsada sai in ce shi ne aka zo bai wa gurbin. Na yi salati har na rasa inda nake. Da Ikram ta fito, Hajiya Dokta ta biyo ta da biro ta miƙo min, ta ce yarinyar ta ci fiye da na farko. Na sa hannu, sunan ya fito a karkace kamar wanda aka rubuta a kan babur.

Har yanzu ban gano ribar mutanen nan ba, kuma idona na kansu. Sai dai daga nesa zan dinga kallo. Jiya da za ta fara zuwa, Ikram ta biyo ta rumfa da jakarta, ta durƙusa a gaban abokan sana'a ta ce in sa mata albarka. Na sa. Sai ta ce tana da roƙo guda: har ta gama, kada in kuma bi ta Ƙofar Ɗan Agundi, ko da kai wa mutane huluna ne. Aka tuntsire min da dariya. Na ce na yarda.

Yau da safe na kai wanki Gandun Albasa, ta Ƙofar Na'isa na zagaya. Akwai nisa, Turai, gwiwata ta shaida. Shekara huɗu ce kawai, zan iya.

Ki dawo da wuri. Wassalam.
Naki har kullum,
Gwadabe mai wankin hula