Murjaninka Yana Jiran Idonka

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, maigidana kuma malamina, manomin duwatsu in ji maƙwabta masu tsokana. Amincin Allah ya lulluɓe ka a inda kake.

Na san Auta ce za ta karanta maka wannan, tunda a gidanta ka sauka kusa da asibiti. Ke Auta, ki karanta kawai, ban da ƙunshe dariya. Kunyar da na riƙe shekara da shekaru, yau na ajiye ta a bakin ƙofa.

Ya hasken gidana, ka tuna ranar da ka huda rufin ɗakin baya ka sa gilashi? Na tsaya da tsintsiya a hannu, ina cewa a raina bawan Allahn nan ya fasa mana ɗaki saboda duwatsu. Ka ce fitilar lantarki ba ta kama ƙafar rana ba, wanda Ya halicci murjani Ya riga Ya rataya masa fitilarsa. Da hantsi ka kira ni. Tsarki ya tabbata ga Allah! Haske ya sauko cikin akwatin gilashin nan da kake kiwon murjani a ciki, ya kakkarye a kan ruwan gishiri, yana rawa bisa yashi kamar zaren zinariya. Ni da na san murjani a allo tun ina yarinya, na san shi a wuyan mata, ashe yana da rai? Ashe yana ci, yana girma, yana juyawa wajen haske? Ka kama yatsana ka nuna min reshe yana buɗe ƙananan bakunansa. Hannunka da sanyin ruwa, amma har yau ɗuminsa nake ji.

Kai ka koya min aikin ragar nan mai rage haske da ke ƙarƙashin tagar rufi: a ja ta idan hantsi ya ɗaga, a naɗe ta da la'asar, don ranar da ke raya su ita ce ke ƙona su. Sai ga shi bara ka fara barin ta a naɗe. Ka ce rana ta yi sanyi, ɗakin ya yi duhu, alhali ni runtse ido nake yi. Koren reshe ya koɗe, mai ruwan hoda ya yi fari kamar alli, kai kuwa kana ƙara musu haske don tausayi. Da likita ya ce yanar ido ce ta rufe maka gani, ka ce kai ka kashe su, a ba da akwatin, a toshe rufin. Yanzu kuma Auta ta ce ka ƙi yarda a yi maka aikin, wai me ya rage da za ka gani.

Haba, abin alfaharina! Me ya rage?

Ba zan yi maka ƙarya ba, ka san ban iya ba. Reshen da ke can sama kusa da fuskar ruwa ya mutu, na cire shi. Amma tun tafiyarka nake jan ragar a kan lokacinta, ina ciko da ruwan daɗi kamar yadda ka ce, tunda gishiri ba ya bin tururi. Shekaranjiya ina goge gilashi sai na ga gindin farin reshen nan ya soma ɗaukar launi. Na ɗauka idona ne. Na kawo tabarma na zauna, har inuwa ta juya ban tashi ba. Launin yana hawa daga ƙasa kamar ketowar alfijir, kuma a gefensa ga ɗan tsiro sabo, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya miƙe yana neman rana! Wane ne ya gaya wa wannan ɗan mitsitsi inda sama take? Da jiƙaƙƙen hannu na yi sujadar godiya.

In ka tambaye ni wane launi ne, ban sani ba. Ba koren ganye ba ne, ba shuɗin sama ba. Na bincika duk kalmomin da na mallaka, babu wadda ta isa. Idonka kaɗai nake so ya faɗa min.

Na san tsoro ne, ba taurin kai ba, kuma Auta ba za ta gaya wa kowa ba. Ka yarda a yaye maka yanar nan, ranar aikin ina nan tafe in riƙe hannunka. Rufin kuwa ba mai toshe shi ina raye. Ka dawo ka ga murjaninka, sannan ka juyo ka ga furfurar da yanar nan take ɓoye maka, kai da kullum kake rantsuwa ban tsufa ba. Na yarda ka gan ta.

Taka a haske, taka a duhu, har ranar da za a naɗe tabarmata.