Maraba Ya Jiƙa Takalmin Surukina

Tanti Hamida, don girman Allah ki taimake ni, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kuma ki rufa mini asiri kada ki buga sunana, don maganar kare ce, kin san halin mutanenmu.

Ni ɗan kasuwa ne a Tasawa, ina yawon kasuwannin ƙauye da atamfa a bayan moto, wato babur. Bara waccan ina dawowa daga Maijirgi na tsinci ɗan kwikwiyo a bakin hanya, ko ido bai gama buɗewa ba, ga shaho na shawagi a kansa. Na sa shi a kwali na kawo gida, da niyyar in ya girma ya tsare mini awaki. Da cokali na shayar da shi nonon akuya. Da yake baƙo ya zo mana, sai na sa mishi suna Maraba. Duk kasuwar da zan ci, yana cikin kwalinsa a kan tanki, har mutanen Korgom suka koma ce mini mai ɗan rakiya.

To yanzu ya zama ƙato, kwali ba ya ɗaukarsa. Tanti, da na buga moto sai ya ɓarke da kuka, ba haushi ba, kukan nan mai ja, sai ka ce rasuwa aka aiko mishi. Maiɗakina Zulfa ta ce haka yake wuni. Ya gwaguye taɓarya, ya yage gidan sauro, ya haƙa rami ƙarƙashin ƙyaure. Awakin da aka kawo shi gadi ma kallon tausayi suke yi mishi. Na gwada lallashi. Kafin in fita nakan tsuguna in faɗa mishi kasuwar da za ni, in ce ya yi haƙuri ba kwana zan yi ba, in shafa kansa. Abin sai ƙaruwa yake.

Wannan duk mai sauƙi ce. In na dawo, ina sallama ina kiran sunansa, sai ya rugo ya kwanta yana kaɗa wutsiya, ya sakar mini fitsari a ƙafa. Kullum sai na sake wando kafin magariba. Na tsawata, a banza. Na ɗauko tsumagiya, yana ganinta ya ƙara wani.

Ga kuma surukina Malam Danda, katanga ɗaya ta raba mu. Dattijo ne mai tsantseni, shi ya fi kowa shekaru a unguwa. Tun da aka ce mishi kukan kare mutuwa yake kira, ya ɗauka da shi ake. Ya bi gida gida ya nemi gafara, har ya aika garin Mayahi a kira ɗansa Mamudu ya zo ya ji wasiyya. Mamudu ya ƙona isansi, wato man fetur, ya zo a sukwane, ya tarar da tsoho yana shan fura.

Sai ranar wata Juma'a Malam ya biyo ya ga ɗiyarsa kan hanyar masallaci, fari fat cikin babbar riga. Karen yana kwance lafiya lau a inuwa. Zulfa ta fito da murna tana maraba da Baba, maraba, maraba lale. Wayyo Tanti! Sai gani muka yi karen ya zabura, ya zo ya durƙusa gaban Malam kamar mai neman aure, ya jiƙa takalmi da bakin riga. Dole tsoho ya koma gida ya sake kaya, ya rasa sahun gaba, a rana ya yi sallarsa. Abin da ya ɗaure mini kai, mai ga-ruwa yana shiga yana fita ko kallo bai ishe shi ba. Baƙon kunya kawai yake zaɓa. Zulfa ta ce sammu ne.

Malam shi ke yanka mana ragon layya kowace shekara. Bana ya ce muddin karen na nan, ba zai taka gidan ba, kuma Zulfa tana bayan ubanta. Wani makiyayi ya ce in ba shi ya yi arewa da shi. Wallahi Tanti ina son karen nan, kunya ce ke hana ni faɗa a fili. In na tuna da hannuna na shayar da shi, sai zuciyata ta karye. Ga salla ta matso. Yaya zan yi?

Mai Atamfa a Moto, Tasawa.

Ɗan'uwana Mai Atamfa, sannu da fama. Na ɓoye sunanka kamar yadda ka roƙa, sai dai ban san ko mutum nawa ne a Tasawa ke da kare Maraba da suruki Malam Danda ba.

Ka ce wa Zulfa ta kwantar da hankali, ba sammu ba ne. Sake karanta wasiƙarka. Mai ga-ruwa ba wanda yake yi masa maraba, shi ya sa ya tsira. Malam kuwa an kira sunan karenka sau uku da babbar murya a gabansa, bawan Allah ya amsa kira. Laifin na mai raɗa suna ne.

Malam yana da gaskiya. Tsarki ba abin wasa ba ne, kuma ba a sa dattijo ya yi Juma'a a rana. Kai ma kana da taka, don tausayin dabba ba abin kunya ba ne. Fitsarin nan kuma ba raini ba ne, murna ce da tsoro suke fin ƙarfinsa. Saboda haka ka jefar da tsumagiya, ita ke ƙara ruwan.

In ka dawo kasuwa, ka shiga shiru, kada ka kira shi, kada ka dube shi. Na san da wuya Bahaushe ya wuce nasa ba gaisuwa, amma ka daure. Sai ya natsu, ya zagaya ya yi fitsarinsa, sannan ka shafa shi. Dogon ban kwanan nan ma ka bari, kai kake sanar da shi cewa tashin hankali ya zo. Ranar da ba kasuwa, ka buga moto ka kashe ka zauna. Ka fita ka kewayo ka dawo, kana ƙara nisa sannu a hankali, har ya gane mai tafiya yana dawowa. Ka bar masa ƙashi da tsohuwar rigarka, ka yi masa wuri mai inuwa a bayan gida kusa da awaki, can zai zauna in baƙo ya zo. Ka kuma kai shi wurin likitan dabbobi a duba mararsa, a yi masa rigakafi.

Sannan ka sake masa suna. Da za ka ji tawa, Natsu za ka sa masa. Kafin ya saba, Zulfa ta riƙa tarbar mutane da sannu da zuwa.

Shi kuwa Malam, ka ɗauki goro da sabon takalmi ka je da kanka ka durƙusa, ka ba shi haƙuri. Ka gaya masa kukan nan ba ajalin kowa yake kira ba, kai yake kira. Ka roƙe shi ya ba ku zuwa salla, in ba a ga sauyi ba sai ka nema wa karen gida a kusa, inda za ka riƙa ganinsa. Ina kyautata zaton ba za a kai ga haka ba.

Allah Ya kai mu layya lafiya, Ya ƙara wa Malam tsawon rai, ya yanka rago ya koma gida da busasshen takalmi.

Taku, Tanti Hamida.