Ƙorafi Kan Jarkar Fitsarina da Aka Shayar da Ayaba da Ita

Daga: Evodius Rutatina, malamin firamare mai ritaya, Kamachumu

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Asibitin Tunawa da Kokushubira

14 ga Mayu, 2024

Game da: Salwantar fitsarina na yini da kwana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar 1 ga Maris, Likita Ishengoma ta ce tana zargin 'yar tsokar da ke zaune a kan ƙodata ce ke zuba sinadari fiye da kima, shi ya sa hawan jinina ya ƙi jin magani. Sai an auna fitsarina na awa ashirin da huɗu kafin a san ko za a yi mini aiki.

2. Ta hana ni ayaba da gahawa har kwana uku kafin in fara tarawa, wai suna rikita awo. Ranka ya daɗe, ni Bahaye ne, ayaba ce abincin ƙabilarmu. Shekara sittin da bakwai ban taɓa wuni ban ci ayaba ba. Na ci tuwon masara kamar ɗan fursuna, matata tana cin tata a gabana ba ko kunya.

3. Na tara shi tsaf, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Har coci na tafi da jarkar, na zaunar da ita kusa da ni.

4. Ranar 6 ga Maris na kawo ta. Ma'aikacin ɗakin awo ya tafi shan shayi, aka ce in ajiye a bakin ƙofa.

5. Mai kula da lambun asibiti, dattijo Byabato, ya tsince ta. Ya zaci fitsarin shanu ne irin wanda duk muke zuba wa ayaba taki. Ya surka da ruwa, ya shayar da wadda ke bayan ɗakin haihuwa. Da na tuhume shi, sai ya yaba ƙarfinsa, har ya tambayi irin saniyar.

6. Wata biyu ke nan ba sakamako, ba sabuwar jarka. Kaina na sarawa, zuciyata na dukan uku-uku, kuma wallahi ina jin tsoro. Ita kuwa ayabar ta yi kore shar, har ta fitar da nono.

Don haka ina roƙon a ba ni wata jarka cikin makon nan, a rubuta sunana a jikinta da manyan baƙaƙe, a kuma tura dattijo Byabato hutu ranar da zan kawo ta.

Nonon ayabar kuwa haƙƙina ne, ni na ciyar da ita. Sai dai a adana mini shi tukuna, domin daga yau na sake komawa tuwon masara.

Naka mai biyayya, cikin yunwa da ladabi,

Evodius Rutatina