Rajistar Shanun da Ta Tashi Rugar Arɗo Buba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Rajistar Makiyaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Sunana Lawal, mutumin Sukuntuni. Tun ina saurayi nake yi wa dabbobi allurar rigakafi a rugagen da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Na rubuto ofishinku sau biyu, na je da ƙafata sau uku, kullum sai a ce mani kana taro. Shi ya sa na fito fili.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Bara, gab da faɗuwar damina, kun ɗauke mu aikin rajista, kuka ba kowa babbar waya. Aka ce mu ɗauki sunan makiyayi da na iyalinsa, da hotonsa, da lambar waya, da yawan shanunsa, sannan mu danna wani wuri da ke nuna daidai inda garken ke kwana. A wurin horo na ɗaga hannu na tambayi ina bayanan za su zauna. Aka ce a kulle suke, mutum uku kaɗai ke iya buɗewa.

Na biyu. Makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, ko ga surukinsa. Arɗo Buba, dattijon rugar da ke bayan garin Ƙofa, ya ƙi sam. Kwana uku ina komawa. A na ukun ya ce mani, "Malam Lawal, ni ban san masu shirin ba, kai na sani. In ka ce babu mai gani, rubuta." Na ce babu mai gani. Sauran gidajen rugar suka bi bayansa.

Na uku. Bayan kaka, wani abokina mai shagon kwamfuta a Kankiya ya kira ni, ya nuna mani takardar rajistar gaba ɗaya. Wani ma'aikacinku ne ya kai a buga masa don na'urar ofis ta lalace, ya tafi ya bar ta cikin kwamfutar da kowa ke taɓawa. Muka goge, amma ashe ta riga ta fita. Ranar kasuwa na ga dillalai a kara, wurin cinikin shanu, suna karanta ta a wayoyinsu.

Na huɗu. Sai aka fara kiran Arɗo da baƙuwar lamba. Mai kiran ya faɗa masa yawan shanunsa, bai kuskure ko maraƙi ɗaya ba, ya kuma ambaci sunan matarsa. Na raka shi muka kai ƙara, aka ce za a bi sawun lambar. Na san ana iyawa, domin a garinmu wani malamin makaranta ya yi rubutu a waya kan lalacewar hanya, cikin kwana biyu aka gano shi aka tafi da shi. Lambar da ke kiran Arɗo kuwa har yau ana bincike. Wata la'asar, a mashaya, aka kore garken duka, aka harbi Sale, ƙanen Arɗo, a ƙafa. Ya rayu, amma an yanke ƙafar.

Ban ce takardarku ce ta riƙe bindiga ba. Satar shanu ta girmi shirinku. Amma da can ɓarawo sai ya nemo mai ba shi labari, yanzu labarin yana aljihunsa, har da taswira.

Na je jaje. Inna Habi, matar Arɗo, wadda ban taɓa barin rugar ba sai ta cika mani ƙwarya da kindirmo, ta ji sallamata ta shige ɗaki. Shi Arɗo ya shimfiɗa mani tabarma, ya amsa gaisuwa, bai ƙara kalma ba. Da zagina ya yi, da ya fi mani sauƙi. Kafin wata ya ƙare suka tashi, babu wanda ya faɗa mani inda suka nufa.

Bana ruga ɗaya ba ta bari na taɓa dabbarta ba. Ciwon huhu na kashe shanu, allurar na cikin jakata. Wasu na kirana infoma, kuma ka san abin da wannan suna ke ja wa mutum a ƙasarmu. Matata ta hana ni hawa babur zuwa daji.

Ga roƙona. Ku dakatar da zagaye na biyu da na ji kuna shiryawa wajen Bauranya. Ku goge taswirar makwancin garkuna daga na'urorinku, ko da yake na san wadda ta shiga wayoyin mutane ba ta dawowa. Sannan ku fito a rediyo, da Hausa da Fulatanci, ku ce daga ofishinku takardar ta fita, ba daga hannun Lawal ba. Wataƙila Arɗo ya ji a inda yake.

Gaskiya ba na sa ran amsa. Na rubuta ne don wanda za a miƙa wa babbar waya gobe ya san abin da zai yi wa mutane alkawari a kai.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka, ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Wassalam.

Lawal mai allura,
Sukuntuni.