Ƙorafi Kan Kwaɗon Da Aka Garƙama Wa Zauren Malam Bamalli

Daga: Hashim Ladan, a madadin baffansa Malam Bamalli, Unguwar Wambai, Suleja.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Wucin Gadi na Tattara Haraji, Shiyyar Suleja.

Kwanan wata: Alhamis, 3 ga Fabrairu, 1994.

Game da: Roƙon a buɗe zaure kafin Litinin, 7 ga Fabrairu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina gabatar da koken baffana, dattijon da ya haura saba'in, wanda bai taɓa sayar da ko allura ba.

1. Gidan Malam Bamalli yana kusa da inda ake hawan bas zuwa Abuja. Shekara da shekaru ma'aikatan da ke haya a lungunan gari sukan zo da sassafe su jingine baburansu a zaurensa, su hau mota, da yamma su ɗauka. Ba ya karɓar komai sai gaisuwa. Shi dai yana zaune kan buzu da carbinsa, ya san babur ɗin kowa da ƙararsa.

2. Ran Litinin, 31 ga Janairu, da hantsi, wasu ma'aikatan haraji suka zo suka ce sabon harajin saye da sayarwa da aka ambata a jawabin kasafin kuɗin bana ya hau kan dillalai. Suka leƙa, suka ga babura jere, suka rubuta shi dillalin babura. Ya rantse, ya maimaita. Haba, ranka ya daɗe, wane dillali ne ke kasa babur da taɓo a taya da ledar burodi a rataye?

3. Suka garƙama kwaɗo, suka ce idan bai kawo shaidar rajista ba, ran Litinin mai zuwa babbar mota za ta kwashe komai. Ta ina zai samo rajistar sana'ar da ba ya yi? Yanzu iyalinsa ta gidan maƙwabta suke shige da fice, ta wani gurbi a katanga.

4. Da masu babura suka dawo da yamma, unguwa ta cika. Wasu sun yi haƙuri. Madam Stella, ma'aikaciyar jinya, har ruwa ta ba shi. Amma wasu sun fara cewa baki ya haɗa da ma'aikatan harajin. Akwai kuma wani mai kaki, ba zan rubuta sunansa ba domin ni ma ina da 'ya'ya, wanda ya nuna shi da yatsa ya ce ran Litinin zai zo da abokansa, ko babur ko tsoho.

5. Tun ranar Malam Bamalli ba ya cin abin kirki. Ya mayar da buzunsa gindin ƙofar, nan yake salla, ya daina zuwa masallacin da ke tsallaken hanya don kada a zo ba ya nan. Duk babbar motar da ta rage gudu sai ya zabura ya dafa kwaɗon. Wallahi tsoro muke ji, ranka ya daɗe. Ba dukan ne ya fi damunsa ba, a ce ya ci amana ne, a garin da aka haife shi.

Ba ma jayayya da gwamnati, kuma ba mu ƙi haraji ba. Abin da muke roƙo shi ne a turo jami'i ɗaya da mabuɗi kafin Litinin. Kowane mai babur zai zo da takardunsa ya tayar da abinsa a gabansa. Idan babur ɗaya ya rage ba mai shi, a ɗauke shi, a haɗa da ni.

Muna jiran adalcinku cikin ƙanƙan da kai. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Hashim Ladan

Dangwalen yatsan da ke ƙasa na Malam Bamalli ne. A gafarce mu da ya dame. Na riƙe masa hannun, amma da ya ji ƙarar babbar mota sai ya zabura.